Kafin ka kai kuɗinka wurin mai kwamfaresa

Yaran da ke zuwa wurina koyon aikin situdiyo, da waɗanda ke turo min saƙo ta WhatsApp, da zarar sun ɗan tara kuɗi tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, wane kwamfaresa zan saya?" Na'urar matse sauti suke nufi. Galibi ma kafin in ce uffan hoto ya riga ya shigo, baƙin akwati mai allura tana rawa a bayan gilashi, irin wanda suka hango a bayan wani furodusa a YouTube. Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba. Nakan tambaye su sawunkad ɗin da suke aiki da shi, wato akwatin da ke haɗa mayik da kwamfuta, da irin ɗakin da suke ɗaukar murya, sannan me suka ji ya gaza a waƙarsu ta ƙarshe. A tambaya ta ukun nan ake yin tsit.

Situdiyona ba wani babban wuri ba ne. Ɗaki ne guda a gidanmu nan Kano, taga ɗaya gare shi, ita ma na toshe ta da tsohuwar katifa. Abin da ke kawo min abinci shi ne waƙar biki, waƙoƙin bege, tallan shago da na makarantu, wani lokaci karatun masu shirin musabaƙa, sai kuma kakar siyasa idan ta zagayo. Duk abin da zan faɗa daga irin wannan aikin na samo shi, ba daga ɗakin da aka gina musamman don sauti ba.

Aikin kwamfaresa ɗaya ne tak: idan sauti ya wuce wani mataki da ka sa masa, sai ya rage shi. Da can mutum ne ke zama da hannunsa a kan maɓalli, mawaƙi ya ɗaga murya ya rage, ya sassauta ya ƙara. Na'urar aikin wannan hannun ta karɓa, sai dai ta fi hannu sauri. Matakin da take fara aiki shi ne tireshol, yawan abin da take ragewa reshiyo, saurin damƙa atak, saurin saki kuma rilis. A ce ka sa tireshol a -20 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), reshiyo 4:1, mawaƙi ya kwarara murya ta kai -8. Ya haura iyaka da 12 ke nan. Na'ura za ta bar 3 kacal su wuce, muryar ta tsaya a -17, an zaftare 9. Daga nan sai ka ɗaga muryar gaba ɗayanta, wurin da ya yi raɗa ya matso kusa da wurin da ya yi ihu, kalmomi su daina nutsewa a cikin kiɗa.

To, a wurin ɗagawar nan tamu matsalar take. Na'ura ba ta san murya ba, duk abin da ya shiga mayik ɗaya ne a wurinta. Idan ka ɗaga da 6 dB, gurnanin janareton maƙwabci ma ya samu 6 ɗinsa, haka fanka, haka hon ɗin adaidaita, haka akuyar da ke bayan katanga, haka amsa-kuwwar ɗakin siminti mai tayil. Kafin ka sa kwamfaresa ba ka ji su sosai ba. Bayan ka sa, duk inda mawaƙi ya tsaya shan iska sai ka ji wata "shhh" ta taso, ya ci gaba da waƙa ta koma, ya tsaya ta sake tasowa. Kwamfaresa mai tsada ba ya maganin wannan, shi ma ɗaga ƙarar zai yi. Shi ya sa kuɗin farko a ɗaki ya kamata ya shiga: barguna masu kauri a bayan mawaƙi, labule mai nauyi, kafet a ƙasa, a janye mayik daga kusurwa. Kwalin ƙwai da ake liƙawa a bango kuwa ɓata bango ne kawai, ba shi da kaurin da zai shanye wani abin kirki. Sannan ka saba da yanke ƙasan sauti kafin ya isa kwamfaresa, daga wajen 80 Hz ga muryar namiji, ɗan sama da haka ga ta mace. Wutarmu a 50 Hz take kaɗawa, kuma zuginta na shiga waya ya sa kwamfaresa yin aiki a kan abin da ba murya ba.

Akwai wani dalili da ake yawan kawo min, wai ana buƙatar na'urar ƙarfe a gaba don kada murya ta fashe lokacin ɗauka. A zamanin tef da farkon ɗaukar sauti a kwamfuta maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin sai an cika sauti sosai yake fin ƙarar na'ura. Yanzu kusan kowane sawunkad yana ɗauka a 24-bit, wanda a lissafi faɗinsa ya kai 144 dB, alhali na faifan CD mai 16-bit 96 ne. Fili ya wadata. Ka sa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ka rage gen, wato ƙarfin da mayik ke shiga da shi, har ƙololuwar ta tsaya wajen -12, ka bar ta a nan. Babu abin da ka rasa. Abin da ka matse kafin ya shiga kwamfuta kuwa ya matsu ke nan, ba a warware shi. Mawaƙiya ta koma Gusau, washegari ka ji ka matse ta fiye da kima, sai dai haƙuri.

Duk da haka yana da kyau mutum ya san asalin akwatunan nan, domin yawancin fulogin da ke cikin kwamfutarmu, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, su suke kwaikwaya. Wanda aka fi turo min hotonsa shi ne 1176, wanda Bill Putnam ya fitar a Amurka a 1967. Abin da ya yi suna da shi sauri ne: atak ɗinsa tsakanin kashi 20 zuwa 800 cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya yake, wato ko mafi jinkirinsa bai kai milisakan ɗaya ba. Ba shi da maɓallin tireshol, gwargwadon yadda ka tura masa sauti gwargwadon yadda yake matsewa. Reshiyo huɗu gare shi, 4, 8, 12 da 20, kuma injiniyoyi sun gano cewa idan aka danna dukkansu tare yana ba da wani sauti mai kaushi da ake so a kan ganguna. Wani abu da ke rikita sabon shiga: a kansa, idan ka murɗa atak da rilis zuwa dama sauri suke ƙarawa, ba jinkiri ba. Fulogin masu kwaikwayonsa ma haka suke, kuma na sha ganin yaro ya kai maɓallin ƙarshe yana zaton ya sassauta.

Abokin tafiyarsa shi ne LA-2A, na kamfanin Teletronix, daga shekarun 1960. Wannan da haske yake aiki. A cikinsa akwai wani ɗan faranti da ke ƙara haske idan sauti ya yi ƙarfi, da wani abu a gabansa da ke ganin hasken ya rage sautin. Da yake abin ganin hasken ba ya komawa daidai nan take, sakinsa hawa biyu ne: rabi cikin sauri, sauran a hankali, har ya kan ɗauki daƙiƙoƙi idan an daɗe ana matsa masa. Maɓalli biyu ne a fuskarsa, ɗaya na matsewa ɗaya na ƙara ƙarfi. Wuya ne ka ɓata murya da shi, kuma a kan mawaƙi mai jan baiti a natse ban san abin da ya fi shi daɗi ba. Sai dbx 160 da ya fito a 1976 daga kamfanin David Blackmer, mai tsabta, mai yin abin da aka sa shi ba ƙari, wanda 'ya'yansa da jikokinsa suka cika kayan masu sifikar taro. Fairchild 670 kuwa, mai bawul 20, wato ƙwayayen gilashin nan irin na tsohuwar rediyo, da nauyin kusan kilo 30, a bar shi a hoto. Ko manyan situdiyoyin duniya ba kowanne ke da shi ba.

Na asalin 1176 da Universal Audio ke ƙerawa yau ya haura dala 2,000, LA-2A ya fi haka nesa. Kowa ya san abin da dala ta zama tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Akwai masu kwaikwayonsu da rahusa, irin WA76 da WA-2A na Warm Audio da na Klark Teknik, kuma ba laifi suna aiki. Amma ko su, kuɗin guda ɗaya zai saya maka mayik mai kyau da hedifon na gaske, ya rage na gyaran ɗaki. Kuma akwati ɗaya murya ɗaya yake yi wa aiki a lokaci guda. Waƙar biki mai jagora, da 'yan amshi hawa huɗu, da kirari, da guɗa, da kalangu, tirak nawa ke nan, wato layukan sauti daban-daban? Fulogin ɗaya za ka ɗora wa kowannensu, kowa da saitinsa, ka rufe aikin ka buɗe bayan wata guda ka tarar da komai yadda ka bar shi. Wanda ya san halin uwar amarya da ke dawowa ana jibi biki ta ce an manta da sunan ƙanwarta, ya san darajar wannan.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya zaɓi kwamfaresa ɗaya daga cikin waɗanda suka zo da manhajarsa, ya zauna a kansa har kunnensa ya buɗe. Mai FL Studio yana da Fruity Limiter, wanda ke da ɓangaren matsewa da allon da ke nuna maka ƙiri-ƙiri inda ake rage sauti da yadda ake sakinsa. Don koyo ban ga kamarsa ba. A nan zan ɗan ratse: FL Studio kan buɗe sabon aiki da Fruity Limiter a kan masta, wato layin da duk sautin waƙa ke haɗuwa, tun asali, mutane da yawa ba su lura ba, suna ta tura kiɗa yana ta matsewa suna mamakin me ya sa ganga ta mutu. Ka duba naka. Mai Cubase da mai Reaper su ma na cikin gidansu sun isa. Idan kana son ɗanɗanon tsofaffin na'urori, akwai na kyauta halal: MJUC jr. da DC1A na Klanghelm, Kotelnikov na Tokyo Dawn mai tsabta wanda nake sa wa kiɗa gaba ɗaya, da FETish da LALA na Analog Obsession masu bin sawun 1176 da LA-2A. Na san ana raba fulogin na sata a filashi, guda ɗari biyu a zubi ɗaya. Ban da haƙƙin masu su, abin da na gani shi ne mai kwamfaresa talatin ba ya sanin ko ɗaya, kuma kwamfutarsa ce ke tsayawa cak mawaƙi yana tsakiyar baiti.

Yadda ake koyon ji kuwa, sai an kauce wa wata yaudara. Kunnen ɗan Adam duk abin da ya fi ƙarfi shi yake ɗauka ya fi daɗi. Fulogin da yawa da ka kunna su suke ƙara ƙarfi, kai kuma ka ce kai, wannan abu ya yi. Ka daidaita ƙarfin fita har ya zama kunnawa da kashewa ɗaya suke a kunne, sannan ka rufe ido ka sa wani ya riƙa danna maka. Idan ba ka iya bambancewa ba, ko dai bai yi komai ba ko kuma ba a buƙatarsa a wurin. Wata dabarar ita ce ka matse fiye da kima da gangan, ka sa allurar da ke nuna ragewa ta riƙa faɗuwa 15 dB, ka murɗa atak daga wannan ƙarshe zuwa wancan kana sauraron farkon kalmomi, ka yi wa rilis haka kana sauraron ƙarshensu. Idan ka ji abin da kowanne ke yi, sai ka sassauta.

Farkon kalmomin nan ya fi muhimmanci a Hausa fiye da yadda masu koyarwa a YouTube za su gaya maka, tunda ba da Hausa suke gwaji ba. Haruffanmu irin su ƙ da ts da wata 'yar fashewa suke fita, gajeriya ƙwarai, kuma ita ce ke taimaka wa kunne ya rarrabe su. Atak mai tsananin sauri wannan fashewar yake fara damƙewa. Idan aka haɗa da Auto-Tune da amon da ake lafta wa waƙoƙinmu, sai ka ji baƙi ya kusa komawa baki, mai sauraro a waya yana ta mayar da waƙa baya. Ni a muryar jagora nakan bar atak tsakanin milisakan 10 zuwa 20, reshiyo 3:1 ko 4:1, ragewa kada ta wuce 4 ko 5 dB a wuraren ƙarfi. Idan mawaƙin mai tashi da sauka ne sosai, ba na ɗora wa na'ura ɗaya duk nauyin. Nakan fara bin muryar da hannu, in rage kalmar da ta yi tsalle in ɗaga wadda ta nutse. Sai mai sauri irin 1176 ya riƙa tsinke kan tsini kawai, 2 ko 3 dB, sai mai laushi irin LA-2A a bayansa ya lallaɓa sauran. Bin murya da hannu aiki ne mai cin rai, na sani, amma rabin abin da ake nema a akwatin dala dubu biyu a nan yake.

Guɗa kuwa babinta daban. Ranar da aka kawo min wata baba mai guɗa don waƙar kamu, na riga na saita mayik daidai muryar mawaƙiya. Baba ta gyara mayafi, ta kama hancinta da yatsu biyu, ta saki abu. Kafin in kai hannu komai ya shiga ja, 'yan amshi sun cire hedifon suna dariya. Babu kwamfaresan da zai karɓi wannan ya fito da ita da kyau. Zai danne ta ne ta zama siririya, rawar da ke cikinta ta baje. Abin da aka yi shi ne na ce, "Baba, don Allah ɗan ja baya, kamar taku uku, ki juya kaɗan gefe." Na rage gen, aka ɗauke ta a tirak nata ita kaɗai, ba a sa mata komai ba sai ɗan rage kaifi. A cikin waƙar da hannu na ɗaga ta na sauke. Masu kirari ma haka nake musu, tirak daban, mayik nesa da baki.

Kalangu shi ne inda na fi jin daɗin wasa da atak. Bugu ɗaya abu biyu ne: ƙwal ɗin makaɗi a kan fata, da kuma zancen da ke biyo baya idan makaɗin ya matse tsarkiya a hammata sautin ya hau ko ya sauka. Idan atak ya yi sauri, ƙwal ɗin ya tafi, kalangu ya koma kamar ana bugunsa a ɗakin maƙwabta. Ka bar masa milisakan 20 zuwa 30 bugun ya wuce, sannan na'ura ta kama, ka sa rilis ya saki kafin bugu na gaba ya iso. Da haka wutsiyar sautin ke tasowa, zancen kalangun ya fito fili, wanda ya san take ya gane abin da ake faɗa. Kiɗan ƙwarya kuma nakan kwafe shi gida biyu, in matse ɗaya sosai in zuba shi kaɗan a ƙarƙashin na asalin, ya yi jiki ba tare da ya rasa kaifinsa ba. Kiɗan fiyano da ake haɗawa a kwamfuta yawancinsa ya riga ya zo a matse, ba ya buƙatar ƙari.

Karatun Alƙur'ani da wa'azi hannu mai sauƙi suke so. Reshiyo 2:1, irin mai aiki da haske, rilis a hankali. Makaranci yana jan madda, ƙarfin muryarsa na raguwa a hankali har ya tsaya, kuma wannan raguwar wani ɓangare ne na daɗin karatun. Idan ka matse sosai sai maddar ta tsaya ƙyam, shan numfashinsa tsakanin ayoyi kuma ya yi ƙarfi kamar magana.

Yanzu, akwai inda na yarda a sayi na ƙarfe, kuma ni ma ina da guda: dbx 286s. Ba don waƙa na saye shi ba. Idan azumi ya zo akan neme ni in haɗa sautin tafsiri da ake watsawa kai tsaye a Facebook, kuma a nan babu gyara daga baya. Malam yana magana a hankali, can ya ɗaga murya, mai jan baƙi ya karɓa da nasa ƙarfin. Mai sauraro a waya ba zai yi ta ƙarawa da ragewa ba, fita zai yi. Shi 286s mayik ake sa masa kai tsaye, yana ba da wutar 48V ga mayik mai buƙatarta, matsewarsa maɓalli biyu ce, yana da abin rage kaifin "s" da abin da ke danne ƙarar wuri idan an yi shiru. Murya ɗaya yake ɗauka, saboda haka mayik biyu akwati biyu. Mai yin shiri kai tsaye, ko mai karanta talla da sanarwa da yawa a rana da ke son ya ɗauka ya tura ba tare da zaman gyara ba, wannan kuɗinsa bai faɗi ba. Dalili na biyu shi ne mawaƙin da ba ya sakin jiki sai ya ji muryarsa a cike cikin hedifon. Ta fulogin akan samu ɗan jinkiri idan kwamfuta ba ta da ƙarfi, na ƙarfe kuwa babu. Amma ko wannan sau da yawa ɗan amo a hedifon da rage kiɗa kaɗan yana wadatar da shi.

Idan ka ƙudura sai ka saya, juya sawunkad ɗinka ka dubi bayansa tukuna. Irin su WA76 ba a sa musu mayik kai tsaye, sautin da aka riga aka ɗaga suke karɓa. Scarlett 2i2 da ya cika ɗakunanmu ba shi da insat, wato ramin da ake fitar da sauti ya bi ta wata na'ura ya dawo, kuma mafitarsa biyu ce, duk sifika sun cinye su. Wanda ya sayo wa 2i2 irin wannan akwati ya sayi sirdi ne babu doki. Sai ya ƙara sayen abin ɗaga sautin mayik daban, ko ya canja sawunkad. UMC204HD da UMC404HD na Behringer suna da insat a baya, wasu daga cikin na Audient ma haka. Mai irin waɗannan, idan aljihu bai yi nauyi ba, ya nemi RNC na FMR Audio, ɗan ƙaramin akwati daga Texas wanda ba shi da kyan gani ko kaɗan amma yana matse sauti ba tare da ya ɓata shi ba. Tsofaffin Alesis 3630 da Composer na Behringer da ake samu a wurin masu kayan DJ, don taro sun yi, amma fulogin ɗin da ke cikin kwamfutarka kyauta ya fi su tsabta.

Sai wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Na'urori da yawa da ake aikowa daga can 120 kaɗai suke karɓa, ko dai a jikinsu ko a adaftarsu. Wani abokin aikina ɗan'uwansa ya aiko masa da akwati daga can, ya ɗoki ya canja masa kai ya soka a bango. Ƙauri kawai aka ji. A karanta rubutun da ke kusa da ramin wuta kafin komai, idan 120 ne a nemi sitefdawun mai rage ƙarfin wuta. Kuma ko wanda ya dace da wutarmu kada ya zauna babu sitabilaiza, musamman lokacin da ake juyawa daga wutar NEPA zuwa janareto. Ni kashe komai nake yi kafin a juya. Masu bawul suna da nasu ƙarin: zafi suke fitarwa. Ka tuna ɗaki a rufe ruf a watan Afrilu, an kashe fanka don kada ta shiga mayik, mutum biyar a ciki, ga akwati yana hura nasa. Ƙurar hunturu kuma tana shiga maɓallai, bayan shekara ɗaya ko biyu ka murɗa ka ji ƙarar-ƙarar. A riƙa rufe shi da ƙyalle idan an tashi.

Yawancin wanda zai shigo hannunmu na hannu ne, daga Alaba a Legas ko daga wani situdiyo da ya rufe. Kada ka saya ta hoto. Ka je da mayik ɗinka da hedifon ɗinka da wata murya da ka sani sarai a waya ko kwamfuta. A kunna shi a bar shi ya yi rabin awa, domin wasu laifuffukan sai ya ɗau zafi suke fitowa. Ka murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe kana saurare. Ka cire sauti gaba ɗaya ka ƙara ƙarfin hedifon ka ji ko yana zugi. Ka duba ko allura ko fitilun na motsi daidai da abin da kunnenka ke ji, ka danna maɓallin tsallake matsewa ka ji ko sauti na yankewa. Ka dubi kusoshin murfi: idan kawunansu sun cinye, an sha buɗe shi, sai ka tambayi dalili. Mai kayan da ya ce babu wuta, ka saya ka gwada a gida, ka ce masa za ka biya kuɗin man janareto a tayar yanzu. Idan ya ƙi, ka bar masa kayansa.